Matse Ɗanyen Hoto: Abin da Ake Samu da Abin da Ake Rasawa

Gabatarwa

A tsarin karatun kwalejojin ilimi, ɗalibin Hausa ba ya kammalawa sai ya fita cikin al'umma ya yi nazari, ya dawo ya rubuta kundinsa. A da, guzurin mai irin wannan fita bai wuce littafin rubutu da biro da rikoda mai kaset ba. Yau kuwa da wuya a ga wanda ya fita ba na'urar ɗaukar hoto a hannunsa, ko dai kyamara ta musamman ko kuma wayar hannu. Hoto ya zama hujja a cikin kundi, sannan ya zama kayan koyarwa idan ɗalibin ya kama aiki. Sai dai akwai wani zaɓi da ke ɓoye cikin jerin saitin kyamara, wanda yawancin ɗalibai ba sa kula da shi, alhali shi ne ke yanke hukuncin yawan bayanin da hoton zai riƙe. Wannan zaɓi shi ne yadda za a matse hoton kafin a ajiye shi.

Za a kafa misalan wannan babi da ƙasar Rano da Kibiya a kudancin Jihar Kano. Rano na cikin Hausa Bakwai, kuma ruwayar gargajiya ta kira Kano da Rano sarakunan baba saboda sana'ar rini, kamar yadda ake yi wa sarkinta kirari da Autan Bawo. Dokar da aka yi a 2024 ta sanya ƙananan hukumomin Rano da Bunkure da Kibiya a ƙarƙashin masarautar Rano. Mu ɗauka ɗalibi ya je wannan yanki da niyyar ɗaukar hoton abu uku: shafukan wani tsohon littafin Ajami a wata tsangaya ta ƙauyukan Kibiya, da baƙin rawani na shuni a hannun wani dattijo, da kuma hawan salla a ƙofar fadar Rano. Za a ga cewa amsar da ta dace da ɗaya ba lallai ta dace da sauran ba.

Mene ne Ɗanyen Hoto?

A bayan gilashin kowace kyamara ta zamani akwai wani ɗan faifai mai karɓar haske, wanda ake kira sensa. An rarraba fuskarsa gida-gida, kowane gida yana auna hasken da ya sauka a kansa, ya mayar da shi lamba. Kowane gida shi ke haifar da ƙwaya ɗaya ta hoto, wato fiksel. Kyamarar da aka ce tana da megafiksel 24 tana da gidaje 6,000 a kwance da 4,000 a tsaye. Gidajen nan ba sa gane launi da kansu, don haka aka lulluɓe kowanne da matacin launi ɗaya: rabinsu kore, rubu'i ja, rubu'i shuɗi. Wani ma'aikacin kamfanin Kodak mai suna Bryce Bayer ne ya tsara wannan jeri, aka kuma yi masa rajistarsa a 1976.

Waɗannan lambobi, kafin a taɓa su, su ake kira ɗanyen hoto, kuma a jikin kyamara ana rubuta masa RAW. Kowane kamfani da sunan da yake ba fayil ɗinsa: na Nikon NEF, na Sony ARW, na Canon CR2 ko CR3. Kamfanin Adobe kuma ya fito da DNG a 2004 don ya zama na kowa da kowa, kuma shi ne wayoyin hannu masu ɗaukar ɗanyen hoto suka fi amfani da shi. Kishiyar ɗanyen hoto ita ce hoton da kyamara ta riga ta sarrafa, ta daidaita launinsa da haskensa, ta ajiye shi a tsarin JPEG. Ana iya kwatanta na farko da tsabar gero, wadda mai ita zai iya yin fura ko kunu ko tuwo da ita gwargwadon bukata. Na biyu kuwa tuwo ne da aka riga aka tuƙa. Ana iya ƙara masa miya, amma ba a mayar da shi fura.

Bambancin yana bayyana a lissafi. JPEG yana auna kowane launi da bit 8, wato matakai 256 daga baƙi ƙirin zuwa fari fat. Ɗanyen hoto kuwa yana amfani da bit 12, matakai 4,096, ko bit 14, matakai 16,384. Wannan yalwa ce ke ba mutum damar haskaka wurin da ya yi duhu, ko gyara launin da ya karkace, ba tare da hoton ya wargaje ba. Amma yalwar tana da tsada. Gidaje miliyan 24, kowanne da bit 14, sun kama megabait 42 a hoto guda. Katin ajiya mai gigabait 32 ba zai ci fiye da hotuna 760 ko makamancin haka ba, kuma tura irin waɗannan fayiloli ta intanet daga ƙauye aiki ne mai cin kuɗi da haƙuri. Daga nan ne bukatar matsewa ta taso.

Matsi Iri Biyu

Ɗalibin harshe ya riga ya san matsi iri biyu ko da bai taɓa riƙe kyamara ba. Idan marubuci ya rubuta S.A.W. bayan sunan Manzon Allah, ya rage tsawon rubutu, amma mai karatu zai mayar da kalmomin yadda suke ba tare da ko ɗaya ta ɓace ba. Wannan shi ne matsi marar hasara. Idan kuwa malami ya ce a taƙaita labari mai shafi goma a cikin shafi ɗaya, ɗalibi zai riƙe ginshiƙan labarin ya zubar da sauran, kuma babu mai iya dawo da ainihin jimlolin daga taƙaitawar. Wannan shi ne matsi mai hasara.

A fagen hoto, matsi marar hasara yana cin moriyar kamannin da ke tsakanin ƙwayoyi maƙwabta. Maimakon a rubuta cikakkiyar lambar kowace ƙwaya, sai a rubuta ɗan bambancin da ke tsakaninta da ta kusa da ita, sannan a ba bambancin da ya fi yawan aukuwa gajeriyar alama, bisa dabarar da David Huffman ya wallafa a 1952. Idan aka buɗe fayil ɗin, kowace lamba tana komawa daidai yadda take. Ragin da ake samu yawanci tsakanin kashi 20 ne zuwa 40 cikin ɗari, kuma ya danganta da abin da aka ɗauka: sararin sama lokacin hazo yana matsuwa sosai, gonar dawa mai ganye barkatai ba ta yarda da yawa. Wanda kyamararsa ke da wannan zaɓi ba shi da wani dalili mai ƙarfi na ajiye ɗanyen hoto ba matsi, domin hoton ɗaya ne, wuri kawai zai ɓata.

Muhawarar tana kan matsi mai hasara, wanda kan rage fayil da kusan rabi ko fiye. Tambayar da ta dace a yi a nan ita ce: me aka zubar?

Yadda Ake Zaɓen Abin Zubarwa

Kamfanonin kyamara ba sa zubar da bayani da ka. Hanya ta farko ta dogara ne kan wata ɗabi'a ta haske shi kansa. Haske yana isowa ne ƙwaya-ƙwaya, kamar ɗigon ruwan sama. Idan aka jera kwanuka masu girma ɗaya a tsakar gida lokacin yayyafi, ba za a tarar da ruwa daidai wa daida a cikinsu ba. Wani zai ɗara wani da kaɗan. Haka gidajen sensa suke, ko da bango fari sumul aka ɗauka. Wannan saɓani shi ke fitowa a hoto kamar tsaki-tsaki, kuma yana da ƙa'ida: girmansa ya yi daidai da lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da adadin ƙwayoyin hasken. Gidan da ya karɓi ƙwayoyi 10,000 yana da saɓanin kusan 100. Wanda ya karɓi 100 yana da saɓanin kusan 10.

Abin lura a nan shi ne, a wuri mai haske, bambanci tsakanin 10,000 da 10,020 ba shi da wata ma'ana, domin ya nutse cikin tsaki. A wuri mai duhu kuwa, bambanci tsakanin 100 da 120 gaskiya ne, kuma yana iya zama shi ne zaren da ke jikin tufa. Bugu da ƙari, sensa tana kasafta matakanta ne ta yadda rabinsu cur ke tafiya ga ɓangaren da ya fi haske: cikin matakai 4,096, guda 2,048 na sama suna bayyana ninkin haske na ƙarshe ne kawai. Saboda haka sai aka yi dabarar barin matakan duhu yadda suke, a riƙa haɗe na haske, biyu ko huɗu ko fiye su zama ɗaya. Kyamarar Nikon D70 ta 2004 ta bi wannan hanya, inda ta mayar da matakai 4,096 zuwa 683, kuma mutane sun yi shekaru suna aiki da ita ba tare da yawancinsu sun ga wani aibu ba. A ganinmu wannan hanya ita ce mafi adalci cikin hanyoyin matsi mai hasara, domin akasarin abin da take zubarwa dusa ce.

Hanya ta biyu ita ce wadda kamfanin Sony ya daɗe yana bi, kuma ta cancanci a tsaya a kanta saboda tana nuna inda hasara ke ɓuya. Da farko ana rage matakan zuwa bit 11 ta irin dabarar da aka bayyana. Daga nan sai a ɗebi ƙwayoyi 16 masu launi ɗaya daga layi guda. A cikinsu ana rubuta lambar wadda ta fi haske da wadda ta fi duhu cikakku, tare da matsayin kowacce. Sauran 14 kuwa kowacce bit 7 take samu, wato matakai 128, don ta nuna nisanta daga mafi duhun. Jimillar ta kama bit 128, wato bit 8 ga kowace ƙwaya, kuma hoto mai megafiksel 24 ya dawo kusan megabait 24 ko me aka ɗauka.

Idan ƙwayoyin 16 sun yi kusa da juna a haske, kamar a fuskar mutum ko jikin ganuwa, tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce matakai 128 ba, don haka wannan mataki ba ya rage kome. Matsalar tana tasowa ne idan haske mai ƙarfi da duhu mai ƙarfi suka faɗo cikin rukuni ɗaya. Alal misali, ɗalibi yana zaune cikin zaure mai duhu, ya ɗauki hoton dattijo wanda ƙofa ke bayansa, rana na tsakiya. A gefen ƙofar, dole matakai 128 su shimfiɗu daga duhu har zuwa haske, sai ya zama ana tsallake har matakai 16 a taku ɗaya. Duk ƙananan bambance-bambancen da ke ɓangaren duhu sun tafi. A allon kyamara ba za a ga kome ba. Sai an koma makaranta, an haskaka inuwar don fuskar dattijon ta fito, sannan wasu gajerun zane-zane a kwance za su bayyana a gefen ƙofar. Koke-koken masu ɗaukar hoto, musamman masu ɗaukar taurari da dare, sun sa Sony ta ƙara zaɓin ɗanyen hoto marar matsi a 2015, sannan ta kawo matsi marar hasara a kyamarar Alpha 1 a 2021.

Akwai sababbin hanyoyi da suka fi waɗannan wayo, irin su C-RAW da Canon ya fara da kyamarar EOS M50 a 2018, da wanda Nikon ya sa a Z9 a 2021. Su ma dai ƙa'idarsu ɗaya ce: aibunsu ba ya fitowa sai an tsananta gyara, musamman a inuwa. Akwai kuma DNG mai hasara da Adobe ya kawo a 2012, wanda ya fi su rage girma nesa ba kusa ba, amma shi sai an fara haɗa launuka an rage matakai zuwa bit 8 sannan a matse, don haka ya fi kusa da surfaffen hatsi bisa tsaba.

Komawa ga Misalanmu

Hawan salla shi ne mafi sauƙin hukunci. Dawakai na sukuwa, 'yan bindiga na harbi, ƙura ta tashi, kuma abin da ya wuce ya wuce sai baɗi. Mai ɗauka yana bukatar hotuna da yawa a jere cikin daƙiƙa kaɗan. Kyamara tana tara hotunan ne a wata 'yar ma'ajiya ta wucin gadi kafin ta zuba su cikin kati, kuma idan ma'ajiyar ta cika sai ta tsaya ta jira. Ƙananan fayiloli ba sa saurin cika ta. A nan matsi mai hasara riba ne, domin rasa lokacin da mahaya suka ja linzami a gaban sarki ya fi rasa wasu matakan haske da ido ba zai gani ba. Ga shi kuma rana ta wadata, ba a bukatar gyara mai tsanani.

Rawanin shuni kuwa ya fi wuya. Tufa ce mai duhu ƙwarai, wadda kyanta ke cikin ƙyallin da bugu ya ba ta, da kuma ɗan jan da ke wulgawa a kan shuɗin idan haske ya doke ta, kamar yadda aka sani a turkuɗin Kura. Duk wannan bayani yana zaune ne a matakan duhu, kuma rubu'in gidajen sensa ne kawai ke auna shuɗi. Dole a haskaka hoton daga baya idan ana son saƙar ta fito, wato an shiga daidai yankin da matsi mai hasara ke tona kansa. Idan dattijon ya naɗa rawanin bisa farar riga ya tsaya a rana, to an haɗa haske da duhu wuri ɗaya. Abin da ya fi shi ne a roƙe shi ya koma inuwa, a ɗauka da bit 14 da matsi marar hasara. Yana da kyau a sani cewa wasu kyamarori kan sauka zuwa bit 12 da kansu idan aka sa su ɗauka a jere da sauri, don haka a ɗauki irin wannan hoto ɗaya bayan ɗaya.

Littafin Ajami shi ne inda kuskure ba ya gyaruwa. A rubutun Magribi da tsangayunmu suka gada, ɗigo ɗaya a ƙasa shi ke nuna fa, ɗigo ɗaya a sama shi ke nuna ƙaf, kuma ɗigo ne a ƙarƙashin harafi ke bambanta wasalin e da sauran wasula. Sau da yawa wasulan da jar tawada aka yi su, wadda ta koɗe da tsufa, ga kuma tabon ruwa da cin gara. Gaskiya ce cewa shafin takarda da aka ɗauka a inuwa mai kyau ba shi da tazarar haske mai yawa, don haka ɗanyen hoto mai hasara ma kan fito lafiya. Amma mai nazari zai so ya tsananta launin nan har koɗaɗɗen ɗigo ya rabu da tabo, kuma ba a san irin gyaran da wani manazarci zai bukata nan da shekara ashirin ba. Mai littafin kuma ba lallai ya sake buɗe gafakarsa ga baƙo ba, takardar ma ba ƙara ƙarfi take yi ba. Littafi mai shafi 300, kowane shafi megabait 30, bai wuce gigabait 9 ba. Wannan ba girman da za a yi rowa a kansa ba ne. Shi ya sa shirye-shiryen adana tsofaffin rubuce-rubuce, irin wanda Ɗakin Karatu na Birtaniya ya fara a 2004, suke neman a miƙa musu hotuna a tsarin TIFF marar hasara. Wajibi ne kuma a nemi izinin mai littafi tun farko, a kuma mayar masa da kwafe.

Don a ga cewa tsoron nan ba na banza ba ne, a 2013 wani masanin kwamfuta Bajamushe mai suna David Kriesel ya gano cewa wasu injunan kwafe takardu na kamfanin Xerox suna musanya lambobi, 6 ta koma 8, saboda irin matsin da suke yi yana ɗaukar alamu masu kama da juna a matsayin abu guda. Kyamarori ba sa amfani da wannan hanya, amma abin ya nuna cewa shafi na iya fitowa tsaf alhali abin da ke cikinsa ya sauya.

Hasarar da ta Fi Kowace Girma

Duk abin da aka faɗa game da ɗanyen hoto mai hasara ƙarami ne idan aka gwada shi da abin da ɗalibai ke yi wa hotunansu bayan sun dawo. Tsarin JPEG, wanda aka amince da shi a 1992 bisa wani lissafi da Nasir Ahmed da abokan aikinsa suka wallafa a 1974, yana yanka hoto gida-gida, ƙwayoyi 8 a kwance da 8 a tsaye, ya zubar da ƙananan sauye-sauyen da ke cikin kowane gida. Sau da yawa kuma yana rage bayanin launi zuwa rubu'i, domin ido ya fi kula da haske bisa launi. Siririn layi ja a kan takarda ruwan ƙasa shi ne farkon wanda wannan ragi ke cutarwa. Duk lokacin da aka buɗe JPEG aka gyara aka sake ajiyewa, an sake matse shi, hasara ta hau kan hasara, kamar kaset da ake ta kwafewa daga kwafe.

Haka kuma, idan aka tura hoto ta WhatsApp a matsayin hoto, manhajar tana rage yawan ƙwayoyinsa ta sake matse shi. Ɗalibi zai tura wa mai duba kundinsa, shi kuma ya tura wa mai buga takardu, a ƙarshe shafin Ajamin da aka sha wahalar ɗauka ya fito a kundi ba a iya rarrabe ba da ta. Maganin wannan shi ne a tura fayil ɗin a matsayin takarda, ko a kai shi cikin filashi. Ɗanyen fayil na asali kuwa a ajiye shi wuri biyu daban-daban, kada a taɓa shi. Duk wani gyara a yi shi a kan kwafe. Da yake tsofaffin manhajoji ba sa iya buɗe wasu sababbin tsare-tsaren matsi, yana da amfani a fitar da kwafen TIFF na muhimman hotuna a ajiye tare da asalin.

Sannan babu wani tsarin ajiya da zai ceci hoton da hannu ya girgiza wajen ɗaukarsa, ko wanda aka ɗauka cikin duhun ɗaki da fitilar waya. Ɗalibin da ya kafa kyamararsa a kan ƙafa, ya shimfiɗa shafi a inuwar rumfa da hantsi, ya ɗauka da matsi mai hasara, zai fi samun hoto mai karantuwa bisa wanda ya zaɓi marar hasara amma ya ɗauka a tsaye cikin gaggawa.

Tun da kyamarori sun bambanta, hanya mafi tabbas ita ce kowa ya gwada tasa kafin ranar fita. A sami tufa mai duhu a rataye ta kusa da taga mai haske, a kafa kyamara wuri ɗaya, a ɗauki hoto biyu da saiti iri ɗaya, ɗaya da matsi marar hasara, ɗaya da mai hasara. A buɗe su a kwamfuta, a haskaka inuwarsu da ninki takwas ko goma sha shida, a faɗaɗa su har kowace ƙwayar hoto ta hau ƙwaya ɗaya ta allo, sannan a duba gefen tagar da saƙar tufar. Ana iya maimaita gwajin da shafin da aka rubuta da baƙar tawada aka yi wa wasula da ja, a kuma tura kwafensa ta waya daga ɗalibi zuwa ɗalibi har sau biyar, a jera na farko da na ƙarshe a gaban aji.